Fitsarin Jaririn Auta

Abin da aka kawo mata bai cika cokalin shayi biyu ba. Fitsarin jariri ne a cikin 'yar roba mai jan murfi, kuma ƙanenta ne ya shigo da shi da kansa, ya tallabo shi da hannu biyu kamar zai iya tsiyayewa ta cikin murfin.

"Yaya, ga shi. Likita ta ce iyakar abin da aka samu ke nan tun jiya."

Kowa a ɗakin gwaje-gwajen asibitin Yaya yake ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Ƙanen nan nata ne ya ja mata, da yawan leƙowa yana tambayar ina Yaya, har sunan ya zauna. Shi kuwa Auta ne a gidansu, kuma ko da ya tara gemu, ya buɗe shagon gyaran firji, ya yi aure, ba wanda ya sauya masa suna. Ita ta goya shi. Yanzu ga shi tsaye a bakin ƙofa da rigar jiya a jikinsa, idanunsa jajir, yana kallon na'urar da ke bayanta kamar ita ce za ta ba shi amsa.

Wannan ce haihuwa ta uku a gidansa. Na farko da na biyu duk lafiya lau suka zo, suka tsala kuka, suka kama nono. Bayan 'yan kwanaki sai su ƙi tsotsa, su yi ta amai, barci ya danne su, numfashi ya yi sauri. Duk biyun ba su daɗe ba. Aka ce sanyi ne ya shiga ƙirji, aka ce ƙwayar cuta ce a jini, aka yi ta'aziyya aka watse. Da wannan ya fara sakin nono, uwar ba ta tsaya jin shawarar kowa ba, ta naɗe shi ta taho asibiti.

Likitar yaran da ta karɓe su sabuwar zuwa ce, siririya mai saurin magana. Ta saurari labarin biyun farko, ta auna jini, ta ga asid ya yi masa yawa. Ta ce tana zaton jikinsa ne ba ya iya sarrafa wani abu da ke cikin nono, abin yana taruwa yana zame masa guba. Ta hana shi nono, ta sa masa ƙarin ruwa mai sukari. Amma ta gaya wa Yaya a waya ba ɓoye-ɓoye: cututtukan da ke yin haka suna da yawa, kowace da maganinta, kuma jariri ba ya daɗewa babu abinci, domin jikin zai koma cin naman kansa ya sake haifar da gubar da ake gudu. Sunan cutar take so. In aka aika fitsarin wata ƙasa, kafin amsa ta dawo an daɗe da tashi daga zaman makoki.

"Ke kike da na'urar," ta ce. "Kin taɓa yin irin wannan?"

"Na taɓa."

Ta taɓa ɗin, amma ba da yawa ba. Aikin na'urar na yau da kullum shi ne neman ƙwaya da maganin ƙwari a jinin waɗanda aka kawo a sume.

Ta ce wa Auta ya koma wurin matarsa. Ya ƙi. Ya fita ya zauna a kan bencin da masu jiran sakamako ke zama.

Ita wannan na'ura ba ta ganin abu sai ya zama tururi. Ana tsira mata ɗigo da allura, zafi ya tayar da shi, iska ta kora shi cikin wani bututu siriri kamar gashi da ke nannaɗe a cikin tanda. Kowane sinadari da irin saurinsa, don haka ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, na'urar ta farfasa kowanne ta auna gutsattsarinsa ta faɗi sunansa. A fuskar kwamfuta kowanne yakan fito kamar tsini a kan layi. Matsalar ita ce, ire-iren asid ɗin da ke cikin fitsari ba sa yarda su tashi. Maƙalewa suke yi a jikin gilashi, ko su ƙone. Sai an haɗa su da wani sinadari mai warin tsiya wanda ke lulluɓe su ya sa su yi sauƙin tashi. A ɗakin nasu, riga suke ce wa wannan sinadari. In rigar ta hau, komai zai fito. In ba ta hau ba, ko guba ce ta cika kwalbar, na'urar ba za ta ga komai ba. Ita kuma rigar ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. Ko ɗan gumi ne ya rage a kwalba, shi za ta bi ta lalace, ta bar aikin da aka sa ta.

Yaya ta raba fitsarin kashi uku, ta ajiye biyu a firji. A cikin na farko ta ɗiga shaida, wato wani sinadari da ta san yawansa da inda yake fitowa a kan layi. In shaida ya fito daidai, aiki ya yi. In bai fito ba, ba a yarda da komai. Ta zuba sinadarin da ke tsamo asid daga cikin fitsari, mai saurin bushewa kamar fetur, ta girgiza har hannunta ya yi tsami, ta jira suka rabu, ta zuƙe na sama. Ta sa shi a ƙarƙashin iskar naitirojin ya bushe, ta zuba riga, ta rufe, ta ɗora a kan ƙarfen ɗumamawa. Da lokaci ya yi ta ba na'ura.

Ta ja kujera ta zauna tana kallon layin yana rarrafe daga hagu zuwa dama. Ya zo inda asid na farko suka saba fitowa, ya wuce. Ya zo inda shaida ya kamata ya tashi, ya wuce. Har ƙarshe layin nan a miƙe yake kamar an ja shi da rula.

Kashi ɗaya ya tafi a banza.

Ba ta ji shigowar Auta ba sai da ya yi magana a bayanta. "Yaya, ba komai ke nan? Lafiya lau yake?"

"Ba haka ake karanta shi ba. Aikin ne bai yi ba."

"Ko injin ne? In abin waya ne ko na sanyi, kayan aikina suna kan babur."

"Wannan ba firji ba ne, Auta."

Da kaushi maganar ta fito. Ta ga yadda ya sunkuyar da kai, ta dafa kafaɗarsa. "Ka bari in duba tukuna. In na buƙace ka zan kira ka."

Da na'urar ta fara. Ta ɗauko haɗin gwajin da ta yi aiki da shi jiya ta tsira mata, tsinaye suka fito reras, kowanne a mazauninsa. Na'ura ba ta da laifi. Ta taɓa ƙarfen ɗumamawa da ma'aunin zafi, shi ma daidai yake. Sai ta ɗauko kwalbar rigar ta kai ta jikin taga. Abin da ya kamata ya zama garau ya yi hazo-hazo, ga wani farin ɓawo a wuyan kwalbar. Robar murfin ta sha hudar allura har ta yi raga-raga. An daɗe da buɗe ta, kuma duk tsawon lokacin nan tana shan laimar iska ta waɗannan hudojin. Rigar ta mutu tun kafin a haifi yaron.

Ta sauka wurin mai ajiyar kaya. Ya duba kantoci, ya duba firjinsa, ya ce wadda aka yi oda ba ta iso ba tukuna.

A kan matakala ta tsaya ta kira Dogo, abokin karatunta, wanda ke aiki a ɗakin gwajin ruwan sha can ɗaya gefen gari.

"Ke da ba kya nemana sai kin ƙona wani abu," ya ce yana dariya. "Yau me kika ƙona?"

"Ɗan Auta ne, Dogo. Ya fara irin na 'yan'uwansa. Rigata ta mutu."

Dariyar ta tsaya. "Turo a karɓa. Ina da ƙananan kwalabe da aka liƙe bakinsu da wuta tun daga kamfani, ba iskar da ta taɓa shiga. Zan ba da duk abin da ke hannuna."

Da ta gaya wa Auta, kafin ta rufe baki ya zaro makullin babur. Ta ga har fuskarsa ta ɗan saki don an ba shi abin yi. "Kada ka bar su a rana," ta bi shi da magana, "kuma kada ka yi gudu. Mutum ɗaya ya ishe mu a gadon asibiti."

Ɗakin jarirai hawa ɗaya ne a samanta, amma ba ta hau ba. Ta san in ta hau, matar Auta za ta ɗago ido ta dube ta, ita kuma ba ta da abin faɗi. Ta zauna wanke kwalaben da suke a wanke, tana gasa su a tanda don kada ɗigon ruwa ya rage. Tana cikin haka mahaifiyarsu ta kira.

"Ya angon nawa?"

"Yana nan, Mama. Ana ta ƙoƙari."

"An ce an hana shi nono. Ni dai tun a na biyun na ce a duba nonon yarinyar nan, kuka ce na cika magana."

"Mama, ina tsakiyar aiki. Ki dai yi ta addu'a."

Da Auta ya dawo, ba ta taɓa fitsarin yaron ba. Ta shiga banɗaki ta ɗebo nata, ta bi da shi duk matakan, ta fasa sabuwar kwalbar riga ta zuba. Wannan karon layin ya cika da tsinaye kamar haƙoran mataji, shaida a tsakiyarsu tsaye ƙyam. Har shayin da ta sha da safe na'urar ta tona. Ta sauke numfashi, ta ce wa Auta ta ƙofa, "An gano matsalar. Yanzu za a yi."

Ta fito da kashi na biyu. Ta yi komai kamar yadda ta yi wa nata, hannunta na sauri don rana ta riga ta take. Ta ba na'ura, ta tsaya a tsaye, ta kasa zama.

Shaida ya fito, amma ɗan guntu, a karkace, bai kai kwatan yadda ya kamata ba. Kafin shi kuma wani ƙaton tudu mai faɗi, mara siffa, ya kwanta a kan wurin da take son karantawa ya rufe shi ruf.

Tana tsaye tana kallon wannan ɓarna likitar ta shigo, ba ta ma ƙwanƙwasa ba.

"An samu?"

"Bai yi ba."

Likitar ta dubi kwamfutar, ta dubi Yaya. "Numfashinsa ya ƙara sauri. Ɗazu na soka masa allura, ko motsi bai yi ba. Da safe yana ɗan yamutsa fuska."

"Ina da lokaci zuwa yaushe?"

"Ban sani ba. Ba na so in yi miki ƙarya. Saura nawa a hannunki?"

"Kashi ɗaya."

"Bai sake yin fitsari ba tun safe. Ƙodarsa ta fara ja da baya."

Da likitar ta fita, Yaya ta shige ɗan ƙaramin ɗakin da suke ajiye ma'auni, ta tura ƙofa, ta jingina goshinta da bango. Ba ta yi kuka ba, ta dai sulale ta zauna a ƙasa. Shekara da shekaru tana gano abin da baƙi suka sha, mutanen da ba ta san ko fuskarsu ba. Yau da abin ya zo kan jininta, ta zubar da kashi biyu cikin uku ba ta samo ko harafi ɗaya ba. Ta san in ta sa na ukun a yadda ta sa na biyu, haka zai fito. Ta kuma san Auta yana kan benci yana jiran abin da ta ce masa za a yi.

Daga nan ƙasan ta sake kiran Dogo, ta zayyana masa komai.

"Tsaya," ya ce. "Naki ya yi, nasa bai yi ba?"

"Eh."

"Riga ɗaya, na'ura ɗaya, hannu ɗaya."

"Eh."

"To ki ƙyale kayan aikinki haka nan, sun fita. Abin yana cikin fitsarin. Da kika busar da shi, ya bushe ƙarau?"

Ta buɗe baki za ta ce eh, sai ta tuna. Nata da ya bushe, wani ɗan tabo ya bari a gindin kwalba, busasshe kamar ƙura. Na yaron kuwa gindin kwalbar sheƙi yake yi. Ta gani, ta ƙara masa iska, sheƙin bai tafi ba, ta ce ai hasken taga ne a kan gilashi, ta zuba riga.

Ta miƙe ta koma gaban kwamfuta, wayar na manne a kunnenta. Ta ɗora alama a kan ƙaton tudun ta nemi na'urar ta faɗi sunansa. Sunan ya fito: gilisarin.

"Man shafawa," ta ce a hankali.

"Shi ne," in ji Dogo. "Yana riƙe ruwa kamar soso, ko kwana za ki yi kina hura masa iska ba zai saki ba. Rigar da ruwan bai kashe ba, shi ya shanye ta. Ta ina ya shiga?"

Ta ajiye wayar ta nufi matakala.

Ɗakin jarirai ɗumi gare shi, ga ƙarar injuna ƙasa-ƙasa. A akwatin gilashi na ƙarshe ta hango shi, ɗan mitsitsi, robobi a hanci da hannu, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri kamar na tsuntsu. Uwarsa na zaune a gefe. Tun ranar da aka kawo ta gidan ake ce mata Amarya, Yaya kuwa matata take ce mata don tsokana. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nonon da aka hana ta bayarwa, ta tura tawul a ciki amma ya ratso. Hannunta ɗaya yana cikin akwatin ta ƙofar gefe. A cinyarta ga 'yar kwalbar mai a buɗe, tana lakata da ɗan yatsa tana shafa wa yaron a cinyoyi da matsematsi, a hankali, bakinta na motsi.

Yaya ta dubi kwalbar man. Ta juya wurin ma'aikaciyar jinyar da ke kan aiki, ta ja ta gefe.

"Sista, ta wace hanya aka ɗebi fitsarin nan?"

"Auduga muka sa masa a nafkin, da ta jiƙe muka matse da sirinji. Haka muke yi wa ƙanana. Akwai matsala ne?"

Ƙasa-ƙasa suka yi maganar, amma da Yaya ta waiwaya ta ga Amarya tana kallonsu. Ta ga idonta ya sauka kan kwalbar da ke cinyarta.

"Yaya, man ne?"

Yaya ta je ta tsuguna a gabanta. "Man ne, da audugar, da ni da ban tambayi yadda aka ɗiba ba."

"Fatarsa ce ta bushe tana tsagewa." Muryar Amarya ba ta rawa, a kwance take, abin da ya fi ba Yaya tsoro ke nan. "An ce kada in ba shi nono, kada in ɗauke shi. Na ce to bari ko mai in shafa masa, ya san ina nan." Ta zaro hannunta daga akwatin ta dube shi. "Nonona guba, hannuna ma guba. To me ya rage a jikina da ba ya kashe su?"

"Matata, dube ni. Man bai yi masa komai ba. Ni ya ɓata wa aiki, kuma yanzu na gane shi. Ki ba ni kwalbar, ki mayar da hannunki inda yake."

Amarya ta miƙa kwalbar. Hannun dai ba ta mayar ba, ta dunƙule shi a cinyarta.

Aka kira likita. Ta wanke yaron da kanta, ta goge shi tas, ta zura masa robar fitsari siririya kamar zare. Su uku suka tsaya a kan akwatin suna kallon robar. Da farko ba abin da ya fito. Likitar ta danna mararsa da yatsu biyu a hankali, ɗigo ya gangaro, wani ya biyo shi, sai wasu kaɗan, sai ya tsaya. Ta ƙara dannawa, ba ƙari.

"Iyakarsa ke nan," ta ce.

Bai kai rabin abin da ƙa'idar aikin ta nema ba. Yaya ta karɓa ta sauka da shi, tana bin bango.

Wannan karon ta ce wa Auta ya shigo ya zauna a kujerar kusurwa, kada ya taɓa komai. Ta rage ma'aunin kowane abu daidai da ƙanƙantar fitsarin, ta nemo kwalba mafi ƙanƙanta a ɗakin. Bayan ta tsamo asid ɗin ta barbaɗa masa wani farin gari mai shan ruwa, ta jira, ta tace. Sai busarwa, kuma a nan ne ta fi jin tsoro. In ta buɗe iskar da ƙarfi ko ta bar shi ya daɗe, asid marasa nauyi za su bi iska su tafi, wataƙila har da wanda take nema. In ta yi gaggawa, ruwa zai rage. Ta buɗe iskar kaɗan, yadda da ƙyar fuskar abin ke motsi, ta sunkuya tana kallo. Wayarta ta yi ta ruri a aljihu, ba ta duba ba. Bayanta ya ƙage, ba ta miƙe ba.

Da ya ƙafe ta kai kwalbar jikin taga. Rana ta yi sanyi, hasken ya koma ja. Ta juya ta, ta karkata ta, ta sake juyawa. Ba sheƙi. Ɗan tabo ne kawai, busasshe. Ta fasa sabuwar kwalbar riga, ta zuba har da ƙari, ta rufe da sauri ta ɗora a kan ƙarfe. Ta ba shi cikakken lokacinsa, ko da yake duk jikinta cewa yake ta ɗauke.

Da ta tsira wa na'ura, Auta ya taso ya tsaya a bayanta. Ba ta kore shi ba.

Layin ya fara tafiya. Ƙananan tsinaye suka fara fitowa, sirara, masu kyau. Can sai wani ya tashi, ya yi ta hawa, ya wuce duk sauran, ya kai ƙarshen fuskar kwamfutar, sauran suka koma kamar ciyawa a gindinsa.

"Mene ne wannan?" Auta ya tambaya.

"Jira."

"Yaya, shi ne?"

"Na ce ka jira. Sai shaida ya fito."

Ta riƙe bakin tebur. Layin ya sauko, ya ci gaba da rarrafensa kamar ba abin da ya dame shi. Auta yana ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da aka iso wurin, shaida ya tashi, dogo, siriri, daidai tsawonsa.

Sai a lokacin ta ɗora alama a kan dogon tsinin. Na'urar ta ce asid ɗin metilmalonik ne. Ba ta tsaya a kan maganar na'ura ba, ta buɗe gutsattsarinsa ta duba da idonta, ta kuma nemi wani ƙaramin asid da ke rakiyarsa a wannan cuta, ta same shi can gaba. A fitsarin mai lafiya da ƙyar ake ganin alamarsa. Ta kira likitar ta faɗa mata sunan, ta maimaita.

"To," in ji likitar. Yaya ta ji ta tana ba Sista umarni kafin ta dawo kan wayar. "Zan yi masa allurar bitamin B12 mai yawa, da wani magani mai kwashe gubar ta fitsari. Wasu yaran suna amsa bitamin ɗin, wasu ba sa amsawa. Yanzu dai na san da wa nake faɗa."

Auta ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Yaya ta bar shi ya yi.

Washegari ba abin da ya sauya, yaron yana kwance yadda yake. Yaya ta kasa cin komai. Amma fitsari ya fara zuwa a robar, kuma da ta sake aunawa dogon tsinin ya ragu. Da ta kuma aunawa ya ƙara raguwa. Sai wata safiya Sista tana sauya masa robar hanci ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na mage. Amarya ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

A ranar likitar ta zaunar da su a ofishinta, Auta da Amarya da Yaya. Ta yi musu bayani dalla-dalla. Cutar gado ce. Uba yana ɗauke da rabinta, uwa tana ɗauke da rabinta, kowannensu lafiyarsa ƙalau. Sai yaron da ya gaji rabi daga nan rabi daga can ne take kamawa.

"Na farko da na biyu ma ita ce?" Amarya ta tambaya.

"Ba zan iya rantsewa ba, amma kusan tabbas."

"Ba nonona ba ne?"

"Nononki ba shi da aibu. Ko nonon wa suka sha, haka za a yi."

Sai Auta ya ce, "Ashe har da ni."

"Wataƙila har da ni," in ji Yaya. "Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya."

"Ni zan gaya wa Mama," ya ce. "Da bakina. Yau ɗin nan."

Likitar ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce yaron zai rayu da abinci a kan ma'auni har iyakar rayuwarsa, da allura, da magani. Zazzaɓin da wani yaro zai kwana ɗaya ya warke, shi zai iya dawo da shi gadon asibiti. Ko gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa a kwanakin da ya yi a sume, ba wanda zai iya faɗi yanzu, sai lokacin zama da rarrafe ya zo a gani. Ta ce daga yau za a fara ba shi wata madara ta musamman ta robar hanci, kaɗan-kaɗan, kuma dole a koya wa wani a gidan yadda ake aunawa, don kuskure kaɗan yana da haɗari.

"Ni za a koya wa," in ji Amarya.

Da suka koma ɗakin jarirai, Sista ta kawo sirinji da kofin ruwa don gwaji, ta nuna mata layin da za ta tsaya a kai. Amarya ta zuƙa, ta wuce layin. Ta mayar ta sake, ta gaza kaiwa. Sista ta ce ta huta tukuna, ba yau za a sallame su ba. Amarya ta girgiza kai, ta goge tafin hannunta a zane, ta sake ɗaukar sirinjin. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta har ta daidaita shi a kan layin sau ɗaya, ta zubar, ta sake farawa. Sannan ta juya ta sauka, don an ce an kawo wani a sume kuma jininsa yana jiranta a kan tebur.